Wuƙar Auta a Hannun Tartsatsi

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga sarkin kaifi nan tafe, gwamnan dutse da ƙarfe, babban likitan wuƙaƙen da suka dakushe, direban da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa keke bai taɓa matsawa daga inda yake ba: Baba Tartsatsi mai wasa wuƙa, na bakin ƙofar kasuwa, hannun hagu in ka wuce mai facin taya. Ni da makaranta mun rabu baram-baram, amma in aka ce sai masu digiri ne za su rubuta tarihinsa, to dutsen nasa zai cinye ba a fara ba. Don haka ga shi nan, a yi haƙuri da rubutun.

Ofishinsa keke ne. Tsohon keke baƙi, an ɗage ƙafar baya a kan ƙarfe, an ja bel daga ƙafar zuwa wani zagayayyen dutse da aka kafa a gaban sirdi. In ya hau ya taka feda sai dutse ya juya, wani hudajjen gwangwani yana ɗiga masa ruwa, wuƙa ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, wuta ta riƙa fallatsa. Nan sunan ya samo asali. Hannunsa na hagu babu gashi ko ɗaya har gwiwa, don a nan yake gwada kaifi. Fuskarsa kuwa kullum a murtuke, kamar an ba shi ajiyar hadari. Mutanen kasuwa sun ɗauka ƙurar ƙarfe ce take sa shi tsuke ido. Na gida sun san Auta ne.

Su biyu ne maza a ɗakin Inna, shi na fari, Auta na ƙarshe, matan da ke tsakani aure ya kwashe su. Ubansu ya rasu Auta yana rarrafe, Tartsatsi ya bar wasa ya kama aiki. Tun daga nan aka raba musu gado: shi ya ɗauki wahala, Auta ya ɗauki farin jini. Tartsatsi zai cika randa da ruwa har ta tumbatsa, Inna ba ta gani ba. Auta ya zo ya fasa randar, sai ka ji, "Wayyo ɗan nan, ba ka yanke ba dai?" Har ciwo sai da Tartsatsi ya yi kishinsa. Shekarar da ƙyanda ta kama Auta, Inna ta goya shi tana jijjigawa tana yi masa waƙa, shi kuwa ya je ya kwanta a shimfiɗar mara lafiya yana shaƙar iska da ƙarfi, ko Allah zai sa shi ma ya kamu. Ƙyanda ta dube shi ta wuce.

Da suka girma Auta ya zama mahauci a layin 'yan nama, cikin kasuwar nan dai. Dogo ne mai wushirya, bakinsa ba ya rabo da dariya. Mata sukan tsallake tebura su zo nasa, ya yanka musu, ya ɗora ɗan kitse ya ce na mai gida ne, su tafi suna murmushi. Tartsatsi ne ya gyara rufin ɗakin Inna da damina ta huda shi. Shi ya kai ta asibiti da ƙafarta ta kumbura, ya yini a benci yana jiran likita. Auta kuwa sai ya faɗo da yamma da 'yar hanta ƙunshe a takarda, ya durƙusa ya ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, ga na ƙarin jini." Inna ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe, sannan ta juyo ta ce, "Babba, ka ga ɗan uwanka?"

Ya gani mana. Rufi ba a gasa shi a ci, shi ya sa ba a yi masa addu'a.

'Ya'yan Tartsatsi ma da sun ji sallamar Auta sai su watsar da ubansu su ruga suna "Baffa! Baffa!" Matarsa, wadda shi sai ya yi wata bai ga haƙoranta ba, Auta yana buɗe baki take kama ciki don dariya. Babu komai tsakaninsu sai wasan ƙanen miji, shi ma ya sani, kuma sanin ne ya fi ci masa rai, don da akwai laifi da ya sami abin faɗa.

Wuri ɗaya ne a duniya da Auta yake zuwa ya tsaya a gabansa yana jira, wato gaban keken nan. Tsarin aikin shi ne mahauta su kawo wuƙaƙe da sassafe, a wasa musu nan take, su koma kafin masu cefane su fito. Kowa haka ake yi masa. Auta kaɗai ne in ya miƙo tasa, Tartsatsi zai karɓa ko ɗagowa bai yi ba, ya cusa ta a jakar da ke rataye jikin keke, ya ce, "Ka dawo bayan azahar."

"Yaya, ai babu kowa a gabana."

"Dutse ya yi zafi."

"To Yaya, Allah ya huci zuciyar dutse."

Sai ya tafi yana dariya, dariyar kuma ta fi zagi ciwo. Har wuƙa ta biyu ya saya don ya riƙa lallaɓawa da ita kafin azahar ɗin Yaya ta yi. Abin ya zama karin magana a layin 'yan nama. In motar kaya ta makara, ko mai ciki ta wuce watanta, sai a ce wuƙar Auta ce, sai bayan azahar. Amma a faɗi gaskiya, in ya tashi wasa ta, babu wuƙar da yake ɓata wa lokaci kamarta. Kishi daban, sunan sana'a daban. Ba za a ce wuƙa ta fito daga hannun Tartsatsi tana taunar nama ba.

Ranar da abin ya faru, Auta ya kawo wuƙa tun kasuwa ba ta cika ba, aka ce masa bayan azahar. Da hantsi suka yi cacar baki da maƙwabcin teburinsa, wani ƙosasshen mahauci da ake kira Mai Saje, a kan ruwan wankin tumbi da yake gangarowa ƙarƙashin teburin Auta. Tsohuwar rigima ce, kowa ya gaji da ita. Aka zazzagi juna, aka raba su, kowa ya koma kan namansa. Bayan azahar Auta ya zo karɓar wuƙa yana shan lemo, ya tambayi ƙafar Inna, ya ce wa Tartsatsi furfura ta fara yi masa sallama ta bayan kunne. Ya karɓi wuƙarsa ya tafi.

Tartsatsi bai gama da almakashin da ya ɗauka ba ya ji kasuwa ta ɗauki ihu.

Auta ya koma ya tarar Mai Saje ya ture masa tebur, naman yini guda yana cikin kwata. Ya buɗe baki zai yi magana, Mai Saje ya ɗauke shi da mari a gaban mata masu cefane, ya ƙara masa wani, sannan ya ambaci Inna da kalmar da ba zan rubuta ba. Wuƙa tana hannun Auta. Sau ɗaya ya soka masa ita. Mai Saje bai kai asibiti ba. Da Tartsatsi ya kutsa cikin taron, ya sami ƙanensa zaune dirshan a ruwan kwatar, hannu biyu a ka, yana ta cewa a ɗaga Mai Saje, a ɗaga shi, ai zai tashi. Nan 'yan sanda suka same shi. Mai Saje ya bar mata da yara ƙanana, babbar cikinsu ba ta isa goya ƙaramin ba. A nan wurin ba ni da abin ban dariya.

Inna ta tattara ta koma gidan Tartsatsi. Ba ta ci, ba ta barci, sai zama a kan tabarma da carbi. Kwanakin farko shi ma bai iya hawa keke ba. Amma zuciya mugun nama ce. Da masu jaje suka yi ta shiga suna fita, sai ya lura gidansa ne, shayinsa ake sha, kujerunsa ake zama, zancen kuwa duk na Auta ne. Yaron kirki. Tsautsayi ne. Ko ƙuda ba ya kashewa. Wani ma ya riƙe hannun Tartsatsi ya ce, "Kai ne yayan Auta ko?" Mutumin da suke gaisawa tun suna samari.

Wata rana da hantsi wata lauya 'yar siririya ta zo bakin kasuwa, takalminta duk ƙura, ta ja akwatin lemo ta zauna gefen keke. Ita aka ɗauka ta tsaya wa Auta.

"Baba, kisa a gaban kotu ba iri ɗaya ba ne," in ji ta.

"Rai dai an kashe, 'yata."

"An kashe, shi ma bai musa ba. Ba za mu ce kare kansa ya yi ba, marigayin babu makami a hannunsa. Ba za mu ce taɓin hankali ba, lafiyarsa ƙalau. Abin da za a auna shi ne abin da ke ransa. Wanda ya ƙulla abu, ya shirya, ya je ya aikata, wannan kisan ganganci ne, ƙarshensa igiya. Wanda kuwa aka tunzura shi farat ɗaya, irin tunzurawar da za ta fitar da kowane mutum daga hayyacinsa, ya aikata tun zuciya ba ta sauka ba, shi ma mai laifi ne, zai sha ɗauri, amma wuyansa nasa ne."

"To ni me nawa a ciki? Ba na wurin."

"Lauyan gwamnati cewa zai yi sun yi faɗa da hantsi, ya haɗiye, ya zo ya sa aka wasa masa wuƙa, ya koma ya soke shi. In alƙali ya karɓi wannan, marin ba zai amfane mu ba, za a ce dama dalili yake nema. Mutane sun gan shi ya dawo da ita tana walƙiya, amma babu wanda ya ga lokacin da ya kawo ta. Kai kaɗai ka sani, Baba. Kafin faɗan ne ko bayansa?"

Tartsatsi ya dubi dutse. Ya dubi lauya, mai ilimi, zaune a kan akwati, ta ɗaga kai tana jiran bakinsa. Tunda uwarsa ta haife shi babu wanda ya taɓa jiran bakinsa haka.

"Zan tuna," ya ce. "Wuƙaƙe da yawa suke bi ta hannuna."

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Kafin yamma labari ya isa gida cewa ran Auta yana bakin Babba. Inna, wadda ba ta taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba, ta tashi da ciwon ƙafarta ta zuba masa da hannunta, ta tsamo masa tsoka mafi girma. Ta zauna tana kallonsa yana ci. "Babba, ka rame," in ji ta. Ya kusa ƙwarewa. Mahauta suka riƙa zuwa gaishe shi ba wuƙa a hannu. Ƙannensa mata suka riƙa bugo waya suna "Yaya, ya ƙoƙari?" Ya ji daɗin abin, ya ji kunyar daɗin, ya kuma ci gaba da jin daɗinsa. Duk wanda ya tambaye shi ko ya tuna, sai ya shafa gemu ya ce abin yana dawowa a hankali.

Yana kan keke yana taka feda, wani tunani ya riƙa zuwa yana zama kusa da shi. Ba sai ya yi ƙarya ba. In aka ce Auta ya zo wurinka bayan faɗan, ya ce ƙwarai. Ya tafi da wuƙa mai kaifi? Ƙwarai. Yaushe ya kawo ta? Ranka ya daɗe, tsufa ya fara kama ni. Shi ke nan, ko zunubin rantsuwa da ƙyar za a rubuta masa. Sai ya yi a'uziyya, ya ƙara wuta har wuƙar wani ta yi shuɗi. Gobe tunanin ya dawo.

Ranar ziyara ya kai wa Auta abinci gidan yari, don Inna ba ta iya tsayuwar layi. Yana faɗin wanda ya zo nema, gandiroban da ke ƙofa ya washe baki. "A'a, Autanmu? Ai mutumin kirki ne. Shi yake raba wa ɗakinsu abinci yanzu, tunda ya karɓa ba a ƙara faɗa ba." Tartsatsi ya wuce ciki yana mita a ransa. Gidan yari fa. Mutum ya kashe rai, a kulle shi da ɓarayi, ya wayi gari shi ne ɗan lele.

Auta ya fito ya rame, wuya ya yi tsawo, dariyar babu. Bai tambayi shaida ba, bai ce Yaya ka taimake ni ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, yaran Mai Saje fa? Suna cin abinci?" Ya ce da ya rufe ido sai ya ga marigayin. Ya yi kuka mara sauti, har gandiroba ya kau da kai. Tartsatsi ya ji tausayi ya kama shi, na gaske, har idonsa ya kawo ruwa. A ƙarƙashin tausayin kuma ya lura ko nadama kyau take yi wa yaron nan.

Shari'a ta yi ta tafiya ana ɗagawa, har aka sa ranar da zai ba da shaida. Ana gobe ya dawo gida da la'asar, ya tarar Inna da wata maƙwabciya a falo suna kallon bango. An kai hoton Auta an faɗaɗa shi, an sa masa gilashi da firam mai ruwan zinari, an rataye shi a ƙusar da hoton Tartsatsi yake. Nasa hoton yana kan akwatin talabijin, a kife.

"In sun ɗauke min shi," Inna take cewa, "ga shi nan ina gani har in bi shi. Dube shi. Wannan fuskar ta yi kama da ta mai laifi? Irinsu ba sa daɗewa a duniya, 'yar nan. Na kirki Allah yake fara ɗauka."

Tartsatsi ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Auta na bango yana masa dariya da wushirya, matashi, fes, ba furfura. Nan take ya hango sauran rayuwarsa. Auta mai rai yana iya tsufa. Yana iya yin tumbi, ya yi sanƙo, ya manta da hanta wata rana, Inna ta yi masa tsawa ko sau ɗaya kafin ta mutu. Auta da aka rataye kuwa ba zai ƙara yin kuskure ba har abada. Zai zauna a bangon nan, a falon nan da Tartsatsi ya gina da feda, kullum yana ƙara kirki. Jikoki za a sa wa sunansa. Wanda bai iya da rayayye ba, ina shi ina matacce?

Ya cire ɗaya takalmin ya shiga ciki. Wannan shi ne abin da ya faru a zuciyar bawan Allahn nan, ban ƙara gishiri ba. Ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa mai kama da ƙauna, shi da Mahaliccinsa suka sani.

Kotun ɗaki ne mai tsawo, bencina kamar na makaranta, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Auta yana tsaye cikin akwatin katako. Inna a benci na gaba. A can gefe matar Mai Saje, ta rufe rabin fuska da mayafi, ƙaramin yaron a cinyarta. A kan tebur ga wuƙar cikin leda, an ɗaura mata 'yar takarda. Tartsatsi ya gane aikinsa tun daga nesa.

Aka rantsar da shi. Lauyar Auta ta tashi ta tambaye shi a hankali.

"Yaushe ya kawo wuƙar nan?"

"Da sassafe. Ko layin 'yan nama ba a share ba."

"Kafin faɗansu da marigayi?"

"Kafin nan da nisa."

"Da ya zo karɓa, yaya ka gan shi?"

"Yana shan lemo. Ya ce na yi furfura."

Sai lauyan gwamnati ya miƙe, wani mai ƙaton ciki da tabarau a kan hanci, yana murmushin wanda ya ga ɓera ya shiga tarko.

"Malam, mahauta sun shaida a nan cewa kai nan take kake wasa wuƙa, mai ita yana tsaye. Haka ne?"

"Haka ne."

"To yaya aka yi ta ƙanenka, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce za ta yini a wurinka? In alfarma ce ai shi ya kamata a fara yi wa."

Lauyan ya gyara tabarau ya ci gaba.

"Bari in taimake ka. Bayan faɗan ya kawo ta, ka wasa masa nan take, yanzu kuma ka zo kana gyara lokaci don ka ceci wuyansa. Ba laifinka ba ne, ɗan uwa rabin jiki. Kana son ƙanenka, ko ba haka ba?"

Fanka ta yi ta juyawa. Tartsatsi ya dubi Inna, ta kafa masa ido. Ya san in ya faɗa, tsokar nan ba zai ƙara ganinta ba. Ya dubi alƙali.

"Ranka ya daɗe, rantsuwar nan da na yi tana aiki har yanzu?"

"Tana aiki."

"To ban cika son sa ba."

Kotu ta ɗauki guna-guni, wani a baya ya fashe da dariya, alƙali ya buga tebur.

"Tun yana goye nake jin haushinsa," Tartsatsi ya ci gaba, muryarsa tana fita kamar ana jan ƙarfe a dutse. "Tunda ya fara fawa ban taɓa wasa masa wuƙa da safe ba. Da gangan nake ajiye ta, don ya yi tafiya biyu. Dutse ba ya zafi, ranka ya daɗe, ƙarya nake masa. Ranar ma ni na ce ya dawo bayan azahar. Da na yi masa da safe kamar kowa, da yana kan teburinsa, babu mai ture shi. Ku tambayi duk wanda kuka ga dama a layin nama me ake nufi da wuƙar Auta."

Bai dubi matar Mai Saje ba da yake faɗin wannan, amma ya ji idonta a gefen wuyansa, kuma har yau yana jin sa.

Lauyan gwamnati ya juya tambayar ta nan ta can, bai sami inda zai riƙe ba. Mai ƙarya don ɗan uwansa yakan yi ado, wannan kuwa tsirara ya tuɓe. Lauyar Auta ta nemi a dawo da mahauta biyu, aka tambaye su karin maganar, suka faɗa suna sosa ƙeya. Auta a cikin akwati bakinsa a buɗe. Da aka tashi, ana fita da shi, ya waiwayo ya ce, "Yaya, ashe dutsen ba ya zafi?" Shekara da shekaru, shi kaɗai ne a kasuwar bai gane ba.

Ranar hukunci alƙali ya yi dogon karatu. Ya ce an kashe rai, kuma wanda ya kashe ba zai tafi gida ba. Ya ce amma kotu ba ta gamsu cewa an ƙulla niyya ba, wuƙar kayan aiki ce da ta faɗo hannunsa ta hanyar da ta saba, marin da zagin sun zo farat ɗaya, babu tazarar da zuciya za ta huce. Ya sauke laifin daga kisan ganganci, ya yanke masa ɗauri na shekaru masu yawa. Igiya dai ta wuce.

Inna ta zube a ƙasa tana godiya ga Allah. Ta rungume lauya, ta jiƙa mata baƙar riga da hawaye. Ta ce ita dama ta sani, yaron nan tun yana ciki mai sa'a ne. Matar Mai Saje ta saɓa ɗanta ta fita. A bakin matakala Inna ta juyo ta ga Tartsatsi tsaye da jakarta a hannu.

"Kai kuma," ta ce, "a gaban alƙali, a gaban bare, ka buɗe baki ka ce ba ka son ɗan uwanka? Wa ya koya maka wannan hali? Nemo mana mota, ƙafata tana ciwo."

Ya nemo.

Yanzu haka Auta yana can, an ce shi ne shugaban kicin, gandirobobi suna kiransa Oga. Tartsatsi ne yake tsayuwar layi duk ranar ziyara, ya kai abinci, ya dawo da gaisuwa, Inna ta karɓi gaisuwar ta sa wa mai ita albarka. Matar Mai Saje ta fara sayar da kifi a ɗaya ƙofar kasuwar. In ta kawo wuƙa, ko mutum nawa ne a gabanta, tata yake fara ɗauka. Ba ta gaishe shi, shi ma bai taɓa neman ta gaishe shi ba.

Da na gama rubuta wannan tarihi na ɗauke shi na kai masa bakin keke, na gyara murya na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, da hannu da ƙafa, har mai facin taya ya bar aikinsa ya matso. Na ce, "Baba Tartsatsi, kai fa gwarzo ne! Ka ciro mutum daga bakin igiya da harshenka. Yau ka shiga littafi, jikokin jikokinka za su san da zamanka!"

Bai daina taka feda ba. Ya ɗaga wata adda ya duba bakinta a hasken rana, ya mayar kan dutse.

"Wannan ai labarin Auta ka rubuta," ya ce.